Yadda Ake Gasa Burauni Mai Biskit a Ciki, da Adonsa na Halowin

Da watan Oktoba ya kama, tambaya ɗaya ke ta dawowa daga masu sana'ar kek da kuma 'yan'uwa mata mazauna Amurka da Ingila: yaya ake haɗa buraunin nan, wato gasasshen kayan zaƙi na cakulet, da idan an yanka sai a ga biskit zaune daram a tsakiyarsa, sama kuma an yi masa saƙar gizo? Wasu sun gwada ya fito musu kek sak. Wasu biskit ɗin ya jiƙe ya ɓace a cikin kwaɓin. Wasu kuma gefe ya ƙone, tsakiya ɗanye.

Abin na bikin Halowin ne da ake yi ranar 31 ga Oktoba, musamman a Amurka, inda yara kan sa tufafin ban tsoro su bi gida-gida ana ba su alewa. Kalolin bikin baƙi ne da ruwan goro, shi ya sa masu yin Oreo, baƙin biskit ɗin nan mai kirim a tsakiya, ke fitar da wani mai kirim ruwan goro a wannan lokaci, kuma shi ake cusawa a cikin buraunin. Yawancinmu ba ma yin wannan biki, kuma ba sai kina yi ba za ki amfana da jagorar nan. Kwaɓin da gashin duk ɗaya ne ko don walima ko don Sallah, ado kawai za ki sauya.

Abu ɗaya nake so ki riƙe tun daga nan, uwargida: burauni ba kek ba ne. Ba a son ya tashi, ba a son ya bushe. Ana so ya yi nauyi da danshi, yana ɗan kama haƙori. Kusan duk dabarar da kika saba da ita wajen kek, a nan ita ce za ta ɓata miki aiki.

Kayan haɗi

Wannan awon na gwangwani mai kusurwa huɗu ne, santimita 20 kowane gefe, wato inci 8. Zai ba ki yanka 16.

- Bota, giram 170 (kashi uku cikin huɗu na kofin awo)
- Baƙin cakulet, giram 100
- Sukari, giram 250 (kofi 1 da kwata)
- Manyan ƙwai, 3
- Hodar koko marar sukari, giram 60
- Fulawa, giram 95
- Gishiri, rabin ƙaramin cokali
- Vanila, ƙaramin cokali 1
- Biskit ɗin Oreo, guda 16

Na ado kuma: baƙin cakulet giram 120, kirim mai ruwa na kwali mililita 80, farin cakulet giram 80.

Kin lura babu bakin fauda a jerin nan. Ba mantuwa ba ce. Kika sa shi, kwaɓin zai kumbura ya yi soso, kin koma kek ke nan.

Wajen hodar koko ake yawan tafka kuskure tun a kasuwa. Milo da Bournvita ba za su maye gurbinta ba, domin sukari da madara da sauran haɗi sun yi musu yawa, kokon cikinsu kaɗan ne. Buraunin zai fito fari-fari, ga zaƙi har ya gundura, ɗanɗanon cakulet kuma babu. Ki nemi hodar da idan kika ɗanɗana za ki ji ta da ɗaci. Masu sayar da kayan kek suna aunawa a leda, amma ki sunsuna kafin ki biya. Wadda ta daɗe a buɗe ƙamshinta ya tafi.

Bota ta gaske ta fi daɗi nesa ba kusa ba, sai dai tana da tsada. Idan za ki yi da majarin, ki ɗauki mai tauri na gashi irin Simas, ki kuma rage gishirin zuwa kwatan cokali tunda akwai gishiri a cikinsa. Mai laushin nan na shafa wa burodi kuwa ki bar shi, ruwa ya yi masa yawa.

Vanila kuma ki duba jikin kwalbar. Wanda Turawa ke kira tatacce da giya ake jiƙa shi, a dokar Amurka ma sai ya kai kashi 35 cikin 100 na barasa kafin a ba shi wannan suna. Akwai na gari, akwai kuma na ruwa marar barasa, kuma duka biyun suna aiki a nan.

Kayan aiki

Gwangwanin gashi na ƙarfe, takardar gashi, sikelin kicin, kwano biyu, makaɗin ƙwai, cokalin roba mai faɗi, rariya, tsinken sakace, doguwar wuƙa mai kaifi, da ƙananan ledoji masu ƙwari don yin ado. Ba kya bukatar injin kwaɓi. Sikeli kuwa ina ba ki shawara ki mallaka, domin fulawar da aka danna a kofi da wadda aka zuba sakayau bambancinsu kan kai giram 30, kuma wannan kaɗai ya isa ya busar da burauni.

1. Shirya biskit

Ki jera biskit 16 a faranti ki sa a firiza na minti 30. Biskit mai sanyi ba ya saurin shan danshin kwaɓi, kirim ɗinsa kuma ba ya malalewa kafin buraunin ya kama jikinsa.

Oreo mai kirim ruwan goro ba ko'ina ake samunsa ba, a kasuwanninmu na Kano ko Kaduna ko Maraɗi farin ne ya fi yawa. Haɗa naki ba wuya. Ki murɗa kowane biskit a hankali ya rabu biyu, ki kankare kirim ɗin da bayan cokali ki tara a ƙaramin kwano. Ki ɗiga kalar abinci mai kauri ruwan goro, ko ɗigon ja ɗaya da rawaya biyu, ki murje har kalar ta game. Sai ki mayar da shi tsakanin ɓarin biskit ɗin, ki danna kaɗan, ki kai firiza.

Gargaɗi: kada ki sa kala mai ruwa-ruwa da yawa, kirim ɗin zai saki ya ƙi zama. Idan kuma za ki yi da wani biskit mai araha, ki zaɓi mai ƙwari mai kirim a tsakiya. Wefa da biskit ɗin shayi marasa nauyi narkewa suke yi, ki yanka ki rasa inda suka shiga.

2. Gwangwani da obin

Ki shafa ɗan bota a gwangwanin, ki shimfiɗa takardar gashi yadda za ta haura gefe biyu da kamar yatsa uku. Wannan rarar ita ce marikin da za ki ciro buraunin gaba ɗaya daga baya. Burauni ba a kifa shi kamar kek, karyewa yake yi.

Ki kunna obin ya yi zafi na minti 15 kafin kwaɓi ya shiga, a digiri 175 na Salshiyos, wato 350 a ma'aunin Amurka. Idan obin ɗinki mai fanka ne, ki saukar zuwa 160. Ƙarfen ɗora gwangwani ya kasance a tsakiya.

Gargaɗi: kwanon tangaran ko na gilas yana jinkirin ɗaukar zafi, sannan ya riƙe shi ya ƙi saki, sai gefe ya bushe kafin tsakiya ta nuna. Idan shi kaɗai gare ki, ki rage digiri 15 ki ƙara 'yan mintoci. Ƙananan obin ɗin gas kuma sukan ci ƙasa. Maganinsa ki ɗora gwangwanin a kan wani faranti na ƙarfe.

3. Narka bota da cakulet

Ki yayyanka cakulet ƙanana. Ki sa bota a tukunya kan wuta kaɗan, da ta narke ki sauke, ki zuba cakulet ɗin, ki bar shi minti 2 ba tare da kin taɓa ba, sannan ki juya har ya zama sumul. Tun da sauran zafinsa ki tankaɗa hodar koko a ciki ki juya. Zafin man ne ke fito da ƙamshin kokon, kuma yana hana shi yin gudaji.

Gargaɗi: kada ki bar cakulet a kan wuta kai tsaye. Nan da nan yake kamawa, ya yi tsaki-tsaki da ɗacin ƙuna, kuma ba ya gyaruwa. Cokali da kwano su kasance a bushe ƙarau.

Ki ajiye shi gefe ya ɗan huce, har ki iya sa yatsa ba ki ji ƙuna ba, amma da sauran ɗumi.

4. Ƙwai da sukari

Wannan matakin ne ke ba burauni siririn ɓawon nan mai sheƙi da ke tsattsagewa a sama, wanda masu saye ke fara dubawa. Sirrinsa narkewar sukari. Ki fasa ƙwai a babban kwano, ki zuba sukari da vanila da gishiri, ki kaɗa da ƙarfi na minti 3 zuwa 4. Zai yi haske, ya ɗan yi kauri. Ki ɗebo kaɗan ki murza tsakanin yatsu. Idan har kina jin tsakin sukari sosai, ki ƙara minti ɗaya.

Sukarinmu na kasuwa wani lokaci ƙwayarsa manya ce, ba ta narkewa da wuri. Idan irinsa gare ki, ki ɗan markaɗa shi a bilenda na daƙiƙa 10. Ba gari ake so ya zama ba, ƙwayar ce kawai za ta ragu.

Kada ki rage sukarin da yawa don gudun zaƙi. A burauni aikinsa ya wuce zaƙi, shi ke riƙe danshi, shi ke yin ɓawon. Idan dole ne, ki tsaya a giram 220. Hanyar da ta fi ita ce ki zaɓi cakulet mai ɗaci, wanda kokonsa ya kai kashi 70 cikin 100, tunda biskit ɗin ma da nasa zaƙin.

Yanzu ki riƙa zuba haɗin cakulet ɗin cikin ƙwan a hankali kina juyawa.

Gargaɗi: idan cakulet ɗin na da zafi sosai zai dafa ƙwan, ki ga fararen gutsattsari a ciki. Idan kuma ƙwan daga firiji kika ciro, botar za ta daskare ta yi gudaji. Ki fito da ƙwai tun da wuri, ko ki jiƙa su a ruwan ɗumi na minti 5.

5. Fulawa

Ki ajiye makaɗin, ki ɗauki cokalin roba. Ki tankaɗa fulawa a kan kwaɓin, ki riƙa ɗebowa daga ƙasa kina naɗowa sama, kina juya kwanon. Da zarar kin daina ganin farin gari, ki tsaya. Yawan juyawa bayan fulawa ta shiga yana sa ta yi danƙo, buraunin ya fito da tauri.

Kwaɓin zai yi nauyi da sheƙi, kamar talge mai kauri. Zai ba ki sha'awar ƙara madara ko ruwa. Kada ki ƙara komai.

6. Jera biskit a ciki

Ki zuba ƙasa da rabin kwaɓin kaɗan a gwangwani, ki baza shi har kusurwoyi. Ki ciro biskit daga firiza ki jera huɗu-huɗu, layi huɗu. Faɗin Oreo bai kai santimita 5 ba, don haka 16 za su zauna da ɗan sarari tsakaninsu. Ki bar ɗan tazara daga bangon gwangwanin ma, domin biskit ɗin da ya jingina da ƙarfe ƙonewa yake yi. Ki ɗan taɓa kowanne ya zauna, amma kada ki danna shi har ƙasa.

Kafin ki rufe su, ki ɗauki fensir ki yi alama a jikin takardar da ta haura, daidai tsakiyar kowane layi. Da kwaɓi ya rufe ba za ki ƙara sanin inda suke ba, kuma za ki bukaci wannan alamar lokacin yanka.

Sauran kwaɓin kada ki juye shi wuri ɗaya, zai ture biskit ɗin su karkace. Ki riƙa ɗiba da cokali kina ɗorawa kan kowane biskit, sannan ki haɗe su da bayan cokalin a hankali har ko'ina ya rufu. Duk gefen biskit da ya leƙo waje zai bushe ya yi ɗaci. Ki ɗaga gwangwanin ki ɗan buga shi a kan tebur sau biyu don kwaɓin ya cike ramuka.

7. Gashi

Ki sa a obin, ki duba agogo. Yawanci yana ɗaukar minti 28 zuwa 35, amma obin kowa da halinsa, don haka daga minti 25 ki fara lura. Kafin nan kada ki buɗe ƙofar.

Alamomin nuna uku ne. Sama ya bushe ya yi sheƙi, ya fara tsagewa. Gefe ya kama jikinsa, ya ɗan ja baya daga takardar. Idan kika girgiza gwangwanin a hankali, tsakiyar ba ta rawa kamar ruwa.

Sai gwajin tsinke, kuma a nan ne hannun mai kek ke yaudararta. A kek ana jira tsinke ya fito fes. A burauni idan ya fito fes, kin riga kin wuce. Ana so ya fito da ɗan gutsattsari masu danshi manne da shi. Idan ɗanyen kwaɓi ne ya shafe shi, ki ƙara minti 3 ki sake gwadawa. Ki sani kuma gashin bai ƙare da fitowa daga obin ba, zafin gwangwanin zai ci gaba da nunar da tsakiyar na wasu mintoci. Saboda haka gara ki cire shi kina ɗan shakka da ki bari sai kin tabbata.

Gargaɗi: ki soka tsinken a tsakanin layukan biskit, wato tsakanin alamomin fensir ɗinki. Idan kika soka ta cikin biskit, narkakken kirim zai biyo tsinken, ki ɗauka bai nuna ba, ki yi ta ƙara lokaci har ya bushe.

Idan sama ya fara duhu alhali tsakiya da saura, ki yafa masa takardar alminiyam sakayau, kada ki ɗaure.

Wadda ba ta da obin ma za ta iya. Ki samu babbar tukunya mai kaurin gindi wadda gwangwanin zai shiga ba tare da ya taɓa gefe ba. Ki zuba busasshen yashi mai tsafta ko gishiri, kaurin yatsa biyu, ki ɗora ƙaramin ƙarfen ɗora tukunya a kai. Ki rufe ki bar ta ta yi zafi na minti 15 a matsakaiciyar wuta, sannan ki sa gwangwanin a kan ƙarfen ki rufe ruf, ki rage wutar. Wannan hanya takan ɗauki minti 40 zuwa 50. Matsalarta zafin daga ƙasa kawai yake zuwa, don haka idan da gawayi kike yi, ki ɗora 'yan garwashi a kan murfin don sama ma ya samu. Duk lokacin da kika buɗe, ki goge gumin da ya taru a cikin murfin kafin ya ɗiga a kan buraunin. Ɓawon ba zai yi sheƙin na obin ba, amma tunda za a rufe shi da ado, ba wanda zai sani.

8. Hucewa

Ki bar shi a cikin gwangwanin awa 2 cur, sannan ki sa a firiji awa 1. Na san ƙamshin zai cika gida, yara su yi ta zarya a ƙofar kicin. Ki daure, gaggawa aikin Shaiɗan ce. Burauni mai ɗumi bai gama haɗe jikinsa ba. Kika sa masa wuƙa zai dagargaje, biskit ya zame, kuma duk adon da kika ɗora zai narke. Idan oda ce, ki gasa da daddare ki yi ado da safe.

9. Ado

Kafin ki fara, ki yanke shawara: a faranti ɗaya za a kai shi, ko ɗaya-ɗaya za a sayar? Idan faranti ɗaya ne, ki yi ado sannan ki yanka. Idan ɗaya-ɗaya ne, ki fara yankawa, domin babbar saƙar gizo idan aka raba ta 16 ba mai gane ko mece ce.

Shimfiɗar cakulet ita ce farko. Ki ɗumama kirim har ya fara ƙananan kumfa a gefe, kada ya tafasa. Ki zuba shi kan yankakken baƙin cakulet, ki jira minti 2, ki juya daga tsakiya har ya haɗe ya yi sheƙi. Ki zuba a kan buraunin ki baza.

Saƙar gizo ana yin ta ne tun shimfiɗar ba ta daskare ba, don haka ki narka farin cakulet ɗinki tun kafin ki zuba baƙin. Ki ɗora kwano a kan tukunyar ruwan zafi da aka sauke daga wuta, gindin kwanon kada ya taɓa ruwan. Da ya narke ki zuba a leda, ki yanke ƙarshenta ɗan mitsitsi. Ki zana da'ira ƙarama a tsakiya, wata babba a bayanta, haka har gefe. Sai ki ɗauki tsinke ki ja layi daga tsakiya zuwa waje, ki goge tsinken, ki sake ja ta wani ɓangaren, kamar sau 8 zuwa 12. Layukan za su lanƙwasa su ba da saƙar da kansu.

Gargaɗi: farin cakulet ya fi baƙi saurin lalacewa. Ɗigon ruwa ɗaya ko tururi ya shiga, sai ya dunƙule ya ƙi zuba. Idan kina son mayar da shi ruwan goro, kalar kek da aka saba da ita ba za ta yi ba, tunda ruwa ne tushenta. Sai kala mai mai, wadda ake yi musamman don cakulet. Idan ya yi kauri ya ƙi fita daga ledar, rabin ƙaramin cokalin man gyaɗa marar wari zai sassauta shi.

Ado na biyu da yara suka fi so shi ne mai kama da wanda aka naɗe da bandeji, idanu kawai a waje. Shi ba ya bukatar shimfiɗa. Ki ɗauki yanka guda, ki yi ta kai da komo da farin cakulet a kansa, layukan suna hawa kan juna, ki bar ɗan fili a sama ki manna idanu biyu. Idanun ana sayar da su a shagunan kayan kek, amma yin su ba ya cin minti 10. Ki ɗiɗɗiga farin cakulet ƙanana a kan takardar gashi, ki tsoma kan tsinke a baƙin cakulet ki sa ɗigo a tsakiyar kowanne, ki sa a firiji su daskare.

Wadda ke son sauƙi kuma, ta barbaɗa ƙananan alewar ado baƙi da ruwan goro a kan shimfiɗar tun tana da danshi, shi ke nan.

Gargaɗi ga mazauna Turai da Amurka musamman: alewar Halowin da ake ɗorawa a kan irin wannan burauni, kamar masu siffar tsutsa da masu taushin nan farare, da yawansu akwai jelatin a ciki, sinadarin da ke sa su danƙo, kuma sau da yawa daga alade ake samunsa. Ki karanta bayan leda, ki nemi mai tambarin halal ko wadda aka yi da kayan tsiro. Jar kala mai lamba E120 kuma daga wani ƙwaro ake tatsarta, ga wadda ke kiyaye wannan.

Akwai wani adon da suke yi, a daka biskit a barbaɗa ya zama ƙasa, a kakkafa wasu a tsaye su zama alamun kaburbura. Ni ba na yin sa, ba na kuma koyar da shi. Kabari ba abin da za a ɗora a faranti a yi wasa da shi ba ne a wurinmu.

10. Yanka

Ki kama takardar ta gefe biyu ki ɗago buraunin zuwa katakon yanka. Ki tsoma wuƙa a ruwan zafi, ki goge ta ta bushe, ki danna ta ƙasa sau ɗaya. Kada ki yi ta gurzawa gaba da baya. Bayan kowane yanka ki goge wuƙar ki sake ɗumama ta, in ba haka ba baƙin cakulet zai shafe farin adon.

A nan alamar fensir za ta yi miki rana. Idan kika yanka tsakanin layuka, kowane yanki zai ɗauki biskit guda cikakke a ɓoye, sai an gatsa a gan shi. Idan kuwa kika bi ta kan alamar, wuƙar za ta raba biskit ɗin biyu, layin ruwan goron ya fito a gefen kowane yanki. Na biyun ya fi kyau a hoto da cikin kwalin sayarwa, sai dai yankan gefe za su fito sirara. Ki ware su don ɗanɗano.

Ajiya da lissafin kuɗi

Wanda ba a yi wa shimfiɗar kirim ba zai yi kwana 3 zuwa 4 a mazubi mai murfi, a wuri mai sanyi. Mai shimfiɗar kuwa firiji ne wurinsa, musamman a ƙarshen Oktoba da zafi bai gama sauka ba a ƙasar Hausa. Ki fito da shi minti 20 kafin a ci don ya yi laushi. Idan wutar unguwarku ba ta da tabbas, ki bar kirim ɗin gaba ɗaya, ki narka cakulet da ƙaramin cokali ɗaya na mai ki shafa siriri, ya fi jure zafi. A firiza kuma, wanda ba a yi wa ado ba yana kai wata 2 idan an naɗe kowane yanki da leda.

Wajen kuɗi, abubuwa uku ne ke cinye jarin: bota, cakulet da Oreo. Fulawa da gishiri ba su taka kara sun karya ba. Tunda farashi ba ya zama wuri ɗaya, ki riƙa lissafa abin da kika yi amfani da shi kawai. Idan bota mai giram 250 kika saya, ki ninka kuɗinta da 170 ki raba da 250, haka za ki yi wa kowane kaya. Ki tara, ki ƙara kuɗin gas ko gawayi, takardar gashi, kwali, ledar ado da kuɗin motar zuwa kasuwa, sannan ki raba da 14 maimakon 16, domin da wuya a rasa yanki ɗaya ko biyu da suka karye ko aka ɗanɗana. A kan wannan adadin za ki ɗora ladan aikinki da riba. Mai adon hannu ɗaya-ɗaya ya kamata ya fi na faranti tsada, tunda ya fi cin lokaci.

Idan kina son rage kashe kuɗi, ki fara da sauya bota zuwa majarin, sannan cakulet ɗin ado zuwa mai araha da masu kek ke saya a kilo, wanda ma ya fi jure zafi. Hodar koko kuwa kada ki taɓa ingancinta, daga ita ɗanɗanon ke fitowa.

Lokacin kai wa mai oda, ki sa kowane yanki a takardar kofin kek don kada su manne da juna, ki sanyaya kwalin a firiji na minti 30 kafin a fita da shi, ki kuma ja kunnen mai kai saƙon ya riƙe shi a kwance, nesa da rana da zafin injin babur.